Carbi Biyu a Filin Ƙwallon Lambu

Duk wanda ya san Madabo ya san ba unguwar wasa ba ce. Tun zamanin Sarkin Kano Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, lokacin da Wangarawa suka iso daga ƙasar Mali, ake jingina unguwar nan da malanta, kuma har gobe in aka ce wane daga zauren Madabo ya fito, an san a gaban Muhtasar ya yi gemu. Yaron unguwarmu ba ya cewa zai tafi wasa, sai dai ya ce an aike shi. To a wannan unguwa ce ni, da girmana da iyalina, na ratso lungu wata Asabar da la'asar saɓe da jakar golf, wasan nan da gidajen rediyo ke kira ƙwallon lambu.

Ba don burga na shigo da ita ba. Mota ba ta shiga lungunmu, a bakin titi ake barinta, jakar kuwa ta cinye mini albashin wata duk da cewa ta gwanjo ce. Dattawan da ke dakalin ƙofar gida suka amsa gaisuwata idanunsu na kan kawunan ƙarafan da suka leƙo ta bayan kafaɗata. Ɗaya ya tambaya ko na koma gyaran famfo ne. Wani ya ce a'a, kayan farauta ne na zamani, ya taɓa gani a talabijin. Baba bai ce komai ba. Hannu ya miƙa ya zaro sanda guda, ya jinjina nauyinta, ya dogara ta a ƙasa ya ga ta yi daidai da tsawonsa, da aka kira magariba ya tafi masallaci da ita. Daga ranar ta zama tasa. Ni kuma na lallaɓa na sayi wata na cike gurbinta, don ba a ce wa Baba a ba ni kayana.

Abin da ya kai ni golf ba ɓoyayye ba ne. A wurin aikinmu ba a ofis ake yanke maganar ƙarin girma ba, a tsakanin rami na tara da na goma ake yanke ta, kuma oganmu ya fi gane fuskar ma'aikaci in ya gan ta ƙarƙashin hular hana-sallah. Na ga waɗanda na riga shiga aiki suna wuce ni ɗaya bayan ɗaya, duk da sanda a kafaɗa, ni ma na je filin da ke Club Road na fara koyon haƙar ƙasa.

Shi kuwa Baba, sai na yi bayani, don yaran yanzu ba za su gane ba. Ni ne ɗan fari. Baba bai taɓa faɗin sunana ba, ko da kuskure. Ƙannena yana kiransu, yana tsokanarsu, autarmu har kuɗi take zaro masa daga aljihu. Ni kuwa "wannan yaron" ne, in ana cikin raha kuma "mutumin naku". Ba ƙiyayya ba ce, alkunya ce irin ta mutanen da, kuma shi ya riƙe ta da hannu biyu. Ba mu taɓa cin abinci a kwano ɗaya ba. Hirarmu mafi tsawo ita ce gaisuwar safe, ita ma in na ƙara "ya ƙafar?" sai ya ce "da sauƙi" yana kallon bango. Duk wata magana mai nauyi ta hannun Hajiya take bi, ko da muna zaune mu uku a tsakar gida.

Ana nan likita ya ce suga ya hau, lallai Baba ya riƙa tafiyar ƙafa kullum. Baba ya ce tafiya babu inda za a je ai shi ne farkon taɓuwa. A makon ne kuma oga ya sanar cewa za a yi gasar uba da ɗa a Jos, kamfaninmu na cikin masu ɗaukar nauyi, sabon shiga ma an yarda ya buga, kuma zai so ya ga fuskokin mutanensa. 'Ya'yana duka mata ne, babbar ma ba ta gama firamare ba. Na ba Hajiya labari don ta yi dariya. Ba ta yi ba. Ta ce, "To ai kai ma ɗa ne, ubanka kuma yana da rai, likita kuma ya ce ya yi tafiya."

Washegari ina durƙushe ina gaisuwa, Baba ya dubi Hajiya ya ce, "Ki ce wa wannan yaron ya kawo mini littafin ƙa'idar wasan."

Nan ne ya kamata in tuna cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Baba ba malamin zaure kawai ba ne. Ya yi makarantar koyon Larabci ta SAS, ya iya Turancinsa daidai gwargwado, kuma rajistaran kotu ne har ya yi ritaya. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana rubuta "mai ƙara ya ce, wanda ake ƙara ya ce" na miƙa wa littafin doka. Ya zauna da shi bayan sallar asuba, ya cika gefen shafuka da hashiya cikin ajami, ya sa ƙanena ya binciko masa tarihin wasan a waya. Da ya ji cewa a 1457 Sarki James na Biyu na Sikotilan ya haramta golf saboda yana shagaltar da samari daga koyon harbin baka, sai ya gyaɗa kai ya ce wannan sarki ya zauna da malamai. Da ya ji dokokin farko da aka rubuta a 1744 guda 13 ne kacal, yau kuma sun zama 25, kowace da rassa da rassan rassa, sai ya ce ko'ina haka abin yake, a fara da matani a ƙare da sharhi. Ya aiko a tambaye ni ko kyautar daga kuɗin 'yan wasa za a fitar, don in haka ne caca ce, ba da shi ba. Na aika cewa kamfani ne zai bayar. Maganar atisaye kuwa, ya leƙa filin Kano ya kalli masu bugu, ya ce ya fahimta, ilimi ke gaba da aiki.

Ranar tafiya ya buɗe gidan baya ya zauna a kusurwar mai mota, sandarsa a tsakanin gwiwoyi. Daga Kano har Kwanar Dangora ba abin da ke magana a motar sai rediyo. A dajin Falgore aka tsayar da mu a wani shinge, aka ce a buɗe but. Jami'in ya zaro sanda guda, ya duba kanta, ya leƙo ta taga ya ce, "Baba, waɗannan fa na mene ne?"

"Tambayi mai tuƙin," in ji Baba. "Ni ma rako shi na yi in gani."

A Saminaka muka tsaya sallar azahar, nan na fara ɗanɗana hashiyar. Na yi alwala ina murna zan yi raka'a biyu in huta, tunda mun wuce tazarar ƙasaru nesa ba kusa ba. Baba ya tsayar da ni da hannu. Ya ce, yana kallon wani mai gasa masara, a mazhabar Malikiyya ba a so wanda ya fito don wasa da shagala ya yi ƙasaru. Na ce to ai sai mu cika gaba ɗaya. Ya ce a'a, shi neman lafiya ya fito da umarnin likita, tafiyarsa halal ce tsantsa. Ya yi biyunsa ya sallame, ya sayi masara yana ci yana jirana ina kawo huɗu.

Jos tana bisa tudu, wajen mita 1,200 daga doron teku, kuma a watan Disamba sanyinta ba ya jin Hausa. Wannan sanyin da kuzar da ke ƙarƙashin ƙasa su suka tara Turawa a can, su kuma duk inda suka zauna sai sun haƙa ramuka goma sha takwas. Filin golf na Rayfield tun 1913 yake. A masauki aka ce garin ya cika, ɗaki ɗaya ya rage mai gado ɗaya. Ni da Baba muka tsaya a bakin ƙofa kowa na kallon silin. Na shimfiɗa darduma a ƙasa na lulluɓa da labulen taga. Ban rintsa ba sai wajen ƙarfe uku, daidai lokacin da Baba ya tashi nafila ya kunna fitila, ya kuma nemi dardumar.

Da safe na fito da riga mai kwala da wando da takalmin da na saya masa. Ya ɗaga wandon da yatsa biyu ya mayar a leda. Cikin babbar riga ya isa fili, da hula da hirami, da safa cikin takalmi sau-ciki. Masu gasar suka dubi furfurarsa suka yi shawara a gefe, suka ce ba komai. Yarinyar da ke teburin rajista ta tambayi sunansa ya faɗa, har da na kakansa. Ta ce, "Sunan abokin wasanka fa, Baba?"

Baba ya nuna ni da haɓa. "Ga shi nan, ai yana da baki."

Da oga da ɗansa aka haɗa mu, ba kuma haɗari ba ne, ni na yi ta kamun ƙafa har aka yi hakan. Yaron a Ingila yake karatu, "Dadi" yake ce wa ubansa, rigarsu iri ɗaya, farin wandonsu iri ɗaya, in ɗaya ya yi magana sai su tafa. Oga ya durƙusa ya gai da Baba da ladabi, sannan ya shiga ba shi labarin Tiger Woods: yadda ya lashe gasar Masters a 1997 yana ɗan shekara 21 ya je ya rungume mahaifinsa Earl, da yadda ya sake lashe ta a 2019 ya rungume ɗansa Charlie a wuri guda. Har idon oga ya kawo ruwa. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce, "A gaban jama'a? Allah ya kyauta."

Tsarin gasar shi ne uba da ɗa ƙwallo ɗaya gare su, bugu kuma karɓa-karɓa: wannan ya buga, wancan ya je inda ta faɗi ya ɗora. Wanda ya ƙirƙiro wannan tsari ko dai bai da uba ko bai da ɗa. Kowane ɓangare kuma shi ke rubuta wa ɗaya ɓangaren lissafinsa. Da aka miƙo katin su oga, Baba ya karɓe shi kafin in ɗaga hannu. Ya zaro carbi biyu daga aljihu, baƙi namu, ruwan goro nasu.

Don girmamawa aka ce Baba ya buɗe rami na farko. Yaron da ke ɗaukar mana jaka, kadi suke ce musu, ya kafa masa ƙwallo a kan ɗan turke. Baba ya naɗe hannun riga bisa kafaɗu, ya yi bisimilla, ya ɗaga sanda. Tana saukowa hannun rigar ya sauko tare da ita. Aka ji fuuu, hirami ya yi gabas, hula ta yi yamma, ƙwallo na zaune a kan turkenta ko gezau.

Oga ya yi maza ya ce, "Ba komai, Baba Malam, gwaji ne. A sake."

"Ba gwaji ba ne, Alhaji. Na yi niyya."

Haka dokar take: in ka kawo sanda da nufin dukan ƙwallo, bugu ne ko ka same ta ko ka sami iska. Wannan babi ya fi kowane burge Baba, ya ce ashe su ma sun san niyya. Ya ja ƙwayar carbi ɗaya, ya ja da baya, ya ce wa kadi, "Gaya masa layinsa ne."

Na tsaya a gaban oga, da ɗan oga, da Baba, da mutanen da ke jiran layi. Na tattara ƙarfin da na tara tun daga Kano na zabga mata. Ta tashi da kyau, har wani ya fara tafi, sai ta karkata dama ta yi cikin duwatsu kamar akuyar da ta tsinke igiya. Muka bazu nema. Doka ta ba da minti uku. Baba bai nema ba, agogonsa ya tsura wa ido. Kadi ya ɗago hannu daga bayan wani dutse yana ihun ga ta, Baba ya ce ta ɓata tun daƙiƙa goma da suka wuce, abin da ya gani yanzu tsintuwa ce. Muka koma inda muka fara, da tarar bugu guda a kanmu. Wannan karon ya tuɓe babbar rigar ya ba kadi, ya rage daga shi sai jamfa da suwaita. Ya ɗan taɓa ƙwallon, ta gangara a ƙasa taku arba'in, miƙe sak.

Haka muka yi ta yi. Shi gajere amma a kan hanya, ni nesa amma a jeji. Duk inda na jefa ta, dattijo mai ciwon suga ne zai kutsa ya fito da ita: cikin ƙaya, gindin bishiya, bakin rafi. Likita ya ce ya yi tafiya, to ya yi. A rami na huɗu, yana cire ƙarangiya daga safarsa, ya juyo ya dube ni, ni kaina, ba bango ba, ba kadi ba.

"Kai, wai ina kake kai ta ne?"

"Iska ce, Baba."

"Ni iskar ba ta ganina?"

"Ai kai ba ka ɗaga ta sama, Baba."

"To wa ya aike ka sama? Ramin a sama yake?"

Kadi ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa na rasa abin da ke damuna, haushi ko daɗi, don rabon da Baba ya jero mini tambaya uku a zama ɗaya tun ranar da na fasa gilashin fitilarsa ina aji uku.

Wurin da ramin yake, a filayen ƙasashen da ke da ruwa, ciyawa ce lallausa da ake aske ta kullum. A tsofaffin filayen Arewa da dama rairayi ne da aka cakuɗa da baƙin mai aka daddaɓe, in za ka buga sai yaro ya ja wani ɗan buhu daga ƙwallonka zuwa rami ya share maka hanya. Ramin kansa faɗinsa milimita 108 ne, bai kai bakin kofin shayin kirki ba. A nan asirin Baba ya fito. Hannun da ya shekara yana jan alƙalami a kan layi ba ya rawa. A rami na shida na bar masa ƙwallo taku goma sha biyar daga rami. Ya tsuguna ya karanci gangaren, ya tsuke baki, ya tura ta. Ta tafi a hankali tana barin ɗan siririn sawu a kan baƙin rairayin, ta lanƙwasa hagu, ta yi jim a baki, ta faɗa ƙwal. Ban san lokacin da na yi kururuwa na ɗaga tafin hannu sama ba, irin yadda su oga ke yi. Baba ya dubi hannun, ya dube ni, ya ɗora mini sandar a ciki. Amma da ya juya na ga gefen gemunsa yana motsi.

A rami na tara garken shanu ya riga mu wucewa, ya bar shaida. Cikin duk faɗin filin nan, ƙwallona ba ta ga wurin sauka ba sai tsakiyar guda, sabuwa, tana tururi a sanyin safiya, rabin ƙwallon a nutse. Layin Baba ne. Ɗan oga ya ce ana iya ɗaukar tarar bugu ɗaya a fitar da ita. Oga ya matso kusa, ya sunkuya yana toshe hanci, ya ce ai ba za a bar dattijo ya taɓa najasa ba. Baba ya ce a mazhabarmu kashin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne, kuma asalin doka a buga ƙwallo inda ta kwanta. Kafin oga ya gama miƙewa, Baba ya kawo bugun da ya fi kowane ƙarfi a ranar.

Ƙwallon ta yi taku biyar. Sauran kayan suka yi nisa fiye da haka, kuma farin wando suka nufa, daga gwiwa har aljihun riga, da ɗigo ɗaya a gilashin tabarau. Aka yi tsit. Baba ya duba aikinsa ya ce, "Kada ka damu, Alhaji. Ko sallah za ka iya yi da shi."

Ba a jima ba nawa rabon ya iso. Na yi gaba ina neman wata ƙwallon da na ɓatar, ɗan oga ya buga daga baya ta goce ta nufo ni. Baba ne ya fara gani. Na ji muryarsa ta cika fili: "Kai! Kai! Kai wannan!" Kadi huɗu suka kwanta a ƙasa, wani mai yankan ciyawa ya faɗa rami, har wani Bature a ɗaya layin ya dafe kai. Ni kaɗai na tsaya ina waige-waige in ga wane "kai" ake nufi, ta same ni a ƙwauri. Ƙwallon golf ba ta kai giram 46 ba, amma na ga taurari da rana tsaka. Baba ya iso da sauri fiye da yadda likitansa zai yarda, ya tsuguna, ya kama ƙafar ya yi addu'a ya tofa. Da ya tabbatar ba karaya, ya miƙe ya sanar cewa ƙwallon da ta sami mutum bisa kuskure babu tara a kan kowa, a buga ta inda ta kwanta, saboda haka in ja jiki in ba yaro wuri.

Ina ɗingishi na ce, "Baba, da ka kira sunana ai da na kauce."

"Da ka tsaya inda ya kamata ai da ba a nemi sunan ba."

Baƙin carbi, mai ɗari ba ɗaya, ya zo ƙarshe tun muna rami na goma sha biyu, a filin da gwanaye ke gamawa da bugu saba'in da 'yan kai. Baba ya ɗaura zare ya sake zagayowa. Na ruwan goro kuwa yana tafiya a hankali, don su oga sun iya. Sai a rami na goma sha uku, inda wani tsohon ramin haƙar kuza ya zama tafki, oga ya aika ƙwallo tsakiyar ruwa. Ya zaro wata ya miƙe hannu daidai kafaɗa zai sake ta. Baba ya ce wannan hukunci mansuhi ne, tun 2019 daga gwiwa ake saki. Oga ya yi murmushin da bai kai ido ba, ya sunkuya. Da aka gama ramin ya ce, "Biyar." Baba ya dubi carbinsa, ya yi rubutu a kati, bai ce komai ba. Ni na san wannan shirun. Shirun rajistara ne.

Ana cikin haka kadinmu, yaro mai yawan magana, ya ce, "Baba, ita ma fa ta hannunka sanda ce." Baba ya tsaya cak. Ya sa aka sauke jaka ya ƙirga: goma sha huɗu, iyakar abin da doka ta yarda mu riƙe mu biyu tunda jaka ɗaya muke amfani da ita. Ya dubi wadda yake dogarawa, wadda ta sha zuwa masallaci har roban hannunta ya yi sulɓi. Sha biyar. Ɗan oga ya ce hakan ta faru da Ian Woosnam a gasar Open ta 2001 a Ingila, yana cikin na gaba-gaba aka ci shi tarar bugu biyu. Oga ya ce don Allah a bar maganar, wa ya gani? Baba ya ce shi ya gani. Ya ja ƙwaya huɗu, iyakar tarar, ya miƙa wa kadi sandar ya ce a kifa ta a jaka. Na ce ai doka ba ta hana shi dogarawa ba in dai ba zai buga da ita ba. Ya ce fita daga saɓani ya fi.

Gabanmu kuwa hawa ne. Ya yi taku kaɗan, ya tsaya yana haki. Sai na ji hannu a kafaɗata. Ban waiga ba, shi ma bai yi magana ba. Gurgu da mai suga, haka muka haye tudun, muka kuma ƙarasa sauran ramukan. In yana so mu yi dama sai ya matsa babban yatsa, in na yi sauri sai ya ja kwalar rigata.

A teburin miƙa kati aka yi shari'ar. Su oga na shirin zama na uku, da bugu ɗaya tsakaninsu da masu bi musu. Oga ya karɓi katinsa zai sa hannu, ya tsaya. "Baba Malam, nan an rubuta bakwai. Biyar ne."

Na taka ƙafar Baba a hankali ta ƙarƙashin tebur. Ya janye ƙafarsa ya ce, "Wani yana taka ni." Sannan ya gyara zama ya karanto rami na goma sha uku daga farko: wanda ya fara bugu, inda ta faɗi, ƙarar da ruwa ya yi, tarar da ta biyo baya, wanda ya karɓa, har zuwa faɗawa rami, yana jan ƙwaya ɗaya-ɗaya a gaban alƙalan gasa da matan manya da mai ɗaukar hoto. Ya ce shi fa an ce ya sa hannu ne a matsayin shaida, kuma bai yi shaidar zur yana karɓar albashi ba balle yanzu da yake cin fansho. Oga ya juya ga ɗansa. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Dadi, gaskiyar Baba ne." Ba su tafa ba.

Takardar ƙarin girmana tana kan teburin oga har yanzu. Duk sanda na tuntuɓa sai ya ce yana nan yana ƙirgawa, ai gidanmu ba ma son a yi gaggawar lissafi.

Mu ne na ƙarshe, da tazarar da mai sanarwa ya ce ba sai an faɗa ba. Amma aka kira Baba aka ba shi fulas ɗin shayi na ɗan wasa mafi shekaru, jama'a suka miƙe suna tafi. Ya mayar da babbar rigarsa, ya karɓa, ya buɗe ya leƙa ciki, ya tambaya ko daga kuɗin kamfani aka saya.

Washegari na buɗe masa gidan baya. Ya zagaya ya buɗe gaba ya zauna, ya ce a can baya ba a jin magana. Tun kafin mu kai Jengre ya zaro katinmu, ya faro daga rami na ɗaya. Kowane bugu nawa yana da hashiya: ina ɗaga kai da wuri, ina riƙe sanda da ƙarfin tsiya, ina son burge mutane, halin da ya ce tun ina yaro yake gani bai dai faɗa ba. Daga nan ya zarce kan tuƙina, da unguwar da na kama haya, da sunan da na sa wa 'yata ta biyu ba tare da shawara ba. Na kare kaina inda zan iya, ya ture, na sake kawo hujja, ya ce ashe ina da baki. Rediyo ko kunna ta ba mu yi ba.

A Saminaka muka sake tsayawa azahar. Na yi alwala, na ɗingisa na koma gefe zan kawo huɗuna. Baba ya yafito ni da hannu ya nuna gefen damansa.

"Zo mu yi biyu."

"Ai ni wasa na fito, Baba."

"Na duba mas'alar a daren jiya," in ji shi yana gyara hula. "Abin da ka yi a filin nan, babu malamin da zai kira shi wasa."